Ƙanina ya tsotsi wata takarda a Ingila, yanzu fitsarinsa ya koma kalar shayi

Tambaya: Assalamu alaikum Dakta. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ƙanina yana karatu a Ingila. Daren Asabar ya sa wata 'yar takarda mai zane a bakinsa, abokansa suka ce LSD ce, wata ƙwayar maye mai sa gane-gane. Ya ce ɗaci gare ta, har harshensa ya mutu. Can cikin dare ya fita hayyacinsa, yana ihu yana dukan bango, jikinsa zafi zau. Su uku suka danne shi a kan katifa har asuba suna ɗura masa madara. Yau kwana biyu, hankalinsa ya dawo, amma cinyoyinsa da bayansa suna ciwo, fitsarinsa ɗan kaɗan ne kuma kalar shayi. Ya ƙi zuwa asibiti, wai kada makaranta ta ji a soke masa biza. Abokan sun ce LSD ba ta taɓa kashe kowa ba, ya sha ruwa da ibuprofen kawai. Innarmu kuma ta ce iska ce ta taɓa shi. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Sista. Ki dakata da karatun nan ki kira shi tukuna. Ya tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa yau ɗin nan, kuma kada ya ƙara haɗiyar ibuprofen ko ƙwaya ɗaya. In ba zai iya tashi ba, ko yana jin zuciyarsa na bugawa a hargitse, abokan su kira 999, lambar kiran gaggawa ta Ingila. In kin gama sai ki dawo mu ci gaba.

Ga abin da nake zargi. Ciwon manyan tsokoki da fitsarin da ya ragu ya yi duhu, bayan dare guda na zafin jiki da kokawa, narkewar tsoka ake ɗauka, gwaji ne kaɗai zai kore ta. Mayoglobin, sinadarin da narkakkiyar tsoka ke zubarwa cikin jini, yana can yana cushe ƙoda, gishirin fotasiyam yana iya hawa a jini mutum bai ji komai ba sai zuciya ta rikice. Ibuprofen kuwa yana rage jinin da ke ratsa ƙodar da take neman agaji. Dawowar hankalinsa ba ta ce komai a kan ƙodarsa ba.

Sai batun takardar. LSD a ɗan adadin da ake ɗigawa a takarda kusan ba ta da ɗanɗano. Ɗaci mai kama da na ƙarfe, da mutuwar harshe da dasashi, alamu ne da aka san wasu sinadaran maye da ake kira dangin NBOMe da su, musamman 25I-NBOMe. Ɗakin gwaji ne ke tabbatarwa, amma labarin da kika bayar ya dace da ita ƙwarai. Wani masanin haɗa sinadarai, Ralf Heim, ya fara haɗa ta a Barlin a 2003, don binciken wuraren da serotonin, wani sinadarin isar da saƙo, ke sauka a ƙwaƙwalwa. Ya ɗauki tsarin wani sinadarin maye mai suna 2C-I ya liƙa masa wani reshe, ƙarfinta a kan 5-HT2A, ɗaya daga cikin waɗannan wurare, ya ƙaru ninki-ba-ninki. Kayan aikin bincike ce, ba wanda ya taɓa gwada ta a matsayin maganin mutane. Wajen 2010 ta faɗo kasuwar intanet. Dillalai suka ga ta fi LSD araha da sauƙin samu, ga shi abin da bai kai miligiram ɗaya ba yana aiki, don haka tana shiga 'yar takarda daidai yadda LSD ke shiga, da zane iri ɗaya.

Bambancin yana cikin jiki. LSD tana motsa 5-HT2A ne rabi-rabi, tana kuma taɓa wasu wurare kamar 5-HT1A. NBOMe tana kama 5-HT2A da ƙarfi ta motsa shi sosai, kuma wannan wurin ba a ƙwaƙwalwa kaɗai yake ba, yana jikin jijiyoyin jini. Shi ya sa ake ganin jijiyoyi sun tsuke, jini ya hau, zuciya na gudu, jiki ya ɗauki zafi, jijjiga ta biyo baya, jini ya yi tsami, ƙoda ta tsaya. Tazarar da ke tsakanin abin da ke bugarwa da abin da ke kisa 'yar kaɗan ce, kuma mai jiƙa takarda a ɗakinsa ba ya iya raba ruwan daidai, murabba'i ɗaya yana iya ɗaukar fiye da na kusa da shi. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka ta haramta 25I-NBOMe da 'yan uwanta biyu a Nuwamban 2013, bayan an danganta su da mutuwar mutum aƙalla 19 masu shekara 15 zuwa 29 cikin shekara ɗaya da rabi. Ingila ta sa ta a aji mafi tsanani a 2014, Majalisar Ɗinkin Duniya ta bi baya a 2015. Haramcin bai ƙarar da ita ba, 'yan uwanta irin su 25I-NBOH suka fito a kan takardun.

Yanzu maganar abokan nan, wai LSD ba ta kisa. Wannan magana tana ƙona mini rai, domin kusan duk matashin da ya shiga irin wannan hali akwai wanda ya faɗa masa ita. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma shi ne ya sa take da haɗari. LSD ta ainihi, wadda Albert Hofmann ya haɗa a Suwizalan a 1938, da wuya ƙwarai gubarta ta kashe mutum kai tsaye. To, amma wa ya ce musu LSD ce? Wanda ya sayar musu. Shi kuma wa ya faɗa masa? Wanda ya sayar masa. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ga abin da aka ɗiga. Takarda ce mai hoto, ba ta da lambar rajista, ba ta da kamfani, ba wanda za a kama in ta yi ɓarna. Yaro ya karanta a intanet cewa wani sinadari ba ya kisa, sai ya ɗora wannan hukunci a kan wani abu dabam da bai san sunansa ba, har ya hana abokinsa zuwa asibiti da shi. Kuma ko da LSD ɗin ce zalla, mutane sun mutu a cikinta: wani ya faɗo daga sama, wani ya shiga titi, wasu kuma an danne su rub da ciki har numfashi ya ƙare.

Wannan dannewar ita ce ta biyun abin da nake so ki fahimtar da su, ba don a ga laifinsu ba, na san tsoro ne ya sa su. Mutumin da jikinsa ya riga ya yi zafi, tsokarsa na aiki ba hutu, in aka hau kansa aka riƙe hannu da ƙafa, fizga zai ci gaba da yi da iya ƙarfinsa na tsawon awanni. Kamar inji ne da ya yi zafi, an ja burki kuma ana taka totur. Zafin daga tsoka yake fitowa, don haka farasitamol ba ya saukar da shi. Abin da ke saukar da shi a asibiti shi ne allurar diazepam ko midazolam har jiki ya saki, a sanyaya shi, a yi ƙarin ruwa. NBOMe ba ta da makari na musamman, naloxone ma, makarin ƙwayoyi irin su hiroyin, ba ya yi mata komai. Ita kuwa madara, ban san ranar da za mu rabu da wannan camfi ba. Sinadarin ta fatar baki ya shiga jini, bai ma bi ta ciki ba, me madara za ta tarar a can? Ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa, balle mai iya jijjiga kowane lokaci, hanya ce ta tura shi cikin huhu. Abin da ya kamace su a daren shi ne su kawar da abin da zai ji masa rauni, su rage haske da hayaniya, su cire masa kaya masu nauyi, su kira motar asibiti tun da suka ji zafin jikinsa.

Batun biza, ki kwantar masa da hankali. Sashen gaggawa a Ingila kyauta yake duba kowa, kuma sirrin mara lafiya amana ce a wuyan likita. Ba aikin likita ba ne ya kira makaranta ko 'yan sanda don mutum ya faɗa masa abin da ya sha. Ya faɗi gaskiya duka: lokacin da ya sa ta a baki, ɗacin, tsawon awannin da aka danne shi, yawan ibuprofen da ya sha, da duk wani abin da ya haɗa da ita. In akwai tramadol, ko maganin damuwa, ko lithium na ciwon ƙwaƙwalwa, lallai ya ambata, domin suna ƙara haɗarin jijjiga ko yawaitar serotonin. Za su duba CK mai nuna lalacewar tsoka, kiriyatinin mai nuna aikin ƙoda, fotasiyam da hoton bugun zuciya. Kada ki yi mamaki in gwajin fitsari na ƙwayoyi ya fito babu komai, gwajin yau da kullum ba ya ganin NBOMe, sai na'ura ta musamman. In an fara ƙarin ruwa da wuri ƙoda takan farfaɗo. In aka yi jinkiri ana iya kaiwa ga wankin ƙoda.

Inna kuma a bi ta a hankali. Ta ci gaba da yi masa addu'a, muna taya ta, amma a gaya mata wani abu ya sa a baki kuma likita zai gani yau. Bayan an sallame shi, ki sa ido a kan barcinsa da maganarsa na 'yan makonni. In yana ganin haske na bin abubuwa, ko yana zargin ana bibiyarsa, ko ya daina barci, a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa ba tare da ɓata lokaci ba, musamman in akwai mai taɓin hankali a danginku, domin irin waɗannan sinadarai suna iya tayar da ciwon da yake kwance. Allah Ya ba shi lafiya.