Ɗana mai sikila yana yawan fashin makaranta, an ce za a cire sunansa

Tambaya: Barista, ɗana yana aji biyar a wata firamaren gwamnati a jihar Kano, kuma yana da ciwon sikila. A zangon da ya wuce, lokacin hunturu, ciwon ya tashi sau uku, har muka kwana a asibiti. Yanzu hedimasta ya aiko cewa fashin ya yi yawa, zai cire sunansa daga rajista, kuma ana iya kai mahaifinsa kotu. Mene ne matsayinmu a doka?

Amsa: Malama, Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar jinya. Ki kwantar da hankalinki, domin dokar da ake tsorata ku da ita ta fi kāre ɗanki fiye da yadda take barazana ga mahaifinsa.

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da dokar UBE, ta ɗora wa gwamnati a sashe na 2 nauyin bai wa kowane yaro ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta, ta kuma wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya halarci makaranta har ya kammala. Uban da kotu ta samu da laifin saɓa wa wannan, a karo na farko jan kunne ne hukuncinsa, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, daga nan kuma tarar Naira 5,000 ko wata biyu ko duka biyun. Kotu ce kaɗai ke yanke wannan hukunci bayan ta saurari wanda ake tuhuma, kuma dokar ba ta ƙayyade wani adadin kwanakin fashi da idan yaro ya kai shi za a kore shi ba. Manufarta ita ce uban da ya hana ɗansa karatu ko ya yi sakaci da shi. Uban da ke riƙe da katin asibiti da takardar sallama daga gadon jinya yana da hujja mai ƙarfi cewa ba ya cikin waɗannan.

Sai dai ina so ki fahimci inda hedimasta ya tsaya, domin a nan ne maganin matsalar yake. Malamin aji yana kiran suna, wanda bai amsa ba ya sa masa alamar ba ya nan, kuma wannan alamar iri ɗaya ce ga yaron da ke kwance ana ƙara masa ruwa, da yarinyar da aka ɗora wa farantin talla, da wanda aka tafi da shi gona, da wanda ya fito da kayan makaranta ya zarce gidan kallon ƙwallo. Malamai da yawa sun saba ɗaukar yawan fashi a matsayin alamar gidan da bai damu da boko ba, kuma ba za a ce ba su da dalili ba, tunda sun sha ganin hakan. Likita kuwa ya san cewa sanyi da zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon sikila ba tare da sallama ba, saboda haka fashin hunturu bai ba shi mamaki ba. Jami'in walwalar jama'a, idan magana ta kai gare shi, tambayarsa ita ce ko ana kula da yaron. Kowannensu yana ganin ɓangare ɗaya ne, kuma hedimasta ba zai ga abin da likita ya gani ba sai an kai masa shi a rubuce.

Saboda haka ki roƙi likitan da ke duba yaron ya rubuta rahoto mai hatimin asibiti, wanda ya ambaci ciwon da ranakun da aka kwantar da shi, ya kuma bayyana cewa ciwon yana iya sake tashi. Mahaifinsa ya haɗa kwafin rahoton da wasiƙa zuwa ga hedimasta, yana neman a bar sunan yaron a rajista, a ba shi damar rama gwaje-gwajen da suka wuce shi, a kuma sauƙaƙa masa tsayuwa a sanyin safiya da aikin ƙarfi. Ku riƙe asalin takardun, ku sa a sanya hannu da kwanan wata a kan kwafinku. Na jaddada wannan ne domin saƙon baki da ake aikawa ta hannun yaron maƙwabta ba ya barin shaida idan an zo gaban hukuma.

Idan hedimasta ya ƙi, a kai maganar ga kwamitin kula da makaranta na al'umma, sannan Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, sannan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, duk a rubuce. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar irin wannan ƙorafi kyauta. Ƙofar kotu ma a buɗe take, domin a 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta haƙƙi ne da ake iya neman tabbatar da shi a shari'a. Amma ban ba ki shawarar farawa da kotu ba, saboda shari'a tana cin lokaci, yaron kuma zai ci gaba da zama a hannun waɗannan malaman.

Kafin a warware maganar, duk ranar da yaron ya samu sauƙi ki tura shi makaranta. Idan aka mayar da shi daga bakin ƙofa, ki rubuta ranar da sunan wanda ya mayar da shi, ki nemi a ba ku dalilin a takarda.