Ƙanena, wasiƙar gayyata ba ita ce takardar tafiya ba

Salam ƙanena, na ga saƙonka, ya mutanen Damagaram ya zafi. Ka ce furofesan da kuka haɗu da shi a taron Yamai ya turo ma imel yana gayyatarka wata takwas a labo ɗinsu nan Mompeliye ta ƙasar Faransa ku yi aiki kan gero, kana tambaya wace biza za ka nema, ko sai ka samu izinin aiki daban, da kuma inda za ka sa haƙarƙarinka in ka iso. Madalla, Allah shi sanya albarka, amma kar ka fara sallama da ƴan uwa tukuna, imel ɗin nan komai daɗin kalamansa babu konsila da zai buga ma biza a kansa.

Abin da ake so shi ne takardar karɓar mai bincike, su suna ce mata convention d'accueil, mu nan kombansiyo kawai muke cewa. Ba furofesa ke bada ita ba, hukumar jami'a ko cibiyar ce, irin su IRD ko CIRAD ko CNRS, kuma a ciki ake rubuta aikin da za ka yi, daga yaushe zuwa yaushe, da kuɗin da za ka rayu da su. Sharaɗin dai ka kasance kana da aƙalla mastar, kai da ka gama doktora kana koyarwa a jami'ar André Salifou wannan ba matsalarka ba ce. Da ita za ka nemi bizar dogon zama ta masu bincike, wadda aka fi sani da paspor talan, kuma daɗinta ita ce izinin aikin ma gaba ɗaya, ba ka zuwa wani buro neman wata takarda, sai dai aikin binciken da koyarwar da aka rubuta ne aka yarje ma, ba wai ka je kana gadi da dare ba. Tun da zamanka bai kai wata 12 ba bizar ce za ta zame ma katin zama, in ka sauka kana da wata uku ka tabbatar da ita ta intanet ka biya haraji, ka ware aƙalla Yuro 200 don wannan, ban da Yuro 99 na bizar kanta, wajen jika 65 kenan tunda Yuro ɗaya sefa 655,957 ne ba ya motsi.

Akwai masu ce ma ka zo da ƙaramar biza ta kwana 90 in ka iso a gyara. Wallahi kar ka yarda, ba a gyarawa, in ta ƙare komawa za ka yi ka sake dosiye tun daga farko, in ka zarce kuma ka ɓata sunanka a duk ƙasashen Shengen.

Abin da ya fi wuya a gare mu yanzu shi ne inda za a kai dosiyen, ka san tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 abubuwa suka dagule, ambasad ɗin Faransa na Yamai an rufe shi a Janairun 2024, Air France ma ta daina zuwa, mutane ta Kasabulanka ko Istambul ko Adis Ababa suke zagayowa. To kar ka ɗau jaka ka nufi wata ƙasa don an ce wane can ya samu, konsiloli da yawa suna tambayar shaidar kana zaune a ƙasar. Ka sa buron hulɗa da waje na cibiyar da ta gayyace ka su rubuta su tambaya wane konsila ne zai karɓe ka, ka riƙe amsar a rubuce kafin ka sayi tikiti. Kuma ka tambayi furofesan ko labo ɗin yana cikin waɗanda sai jami'in tsaro ya yarda baƙo ke shiga, ZRR suke ce musu, wannan kaɗai yana iya cin wata biyu, su kuma furofesoshi Allah sarki mantawa suke yi, ilimi ne a kansu ba takarda ba. Can gida kuma ka fara neman izinin tafiya daga rektora tun yanzu, ka duba paspo ɗinka in ya kusa ƙarewa, ka san wannan ma tafiyar Yamai ce kusan kilomita 900 a kar.

Sai gida, nan ne na ga manyan malamai sun rame. A Zango ko Sabon Gari dillali ya kai ka, mai gida ya tambayi ɗan wane ne kai, ka biya wata uku shi kenan an ba ka makulli. Nan mai gida ba ruwansa da doktoranka, so yake ya ga kana samun ninki uku na kuɗin haya, ya ga garan wato wanda zai tsaya ma in ka kasa biya kuma mazaunin Faransa, ga kosiyo wato kuɗin ajiya na wata ɗaya in ɗakin babu kaya, har wata biyu in da kaya, ga asirans na gida dole kafin a ba ka makulli. Ɗan ɗaki guda mai kicin da banɗaki a nan garin Yuro 500 zuwa 600 ne, Yuro 500 kuwa jika 328 ne, Pari kam kar ma ka tambaya. Abin haushin ma banki ba ya buɗe ma kont sai da shaidar adireshi, mai gida yana son lambar kont, albashi ko burs ba ya shiga sai da kont ɗin, haka za ka yi ta kewaya kana cin guzurinka.

Mafitar tana hannun masu gayyatar ka, shi ya sa nake cewa ka matsa musu tun kana gida ba kunya, su sun saba. Akwai cibiyoyin Euraxess da aikinsu kenan taimakon baƙi masu bincike kyauta, su kan samo ɗaki a gidajen CROUS, hukumar da ke kula da masaukin ɗalibai, ko gidan baƙin jami'a, ko da na wata ɗaya ne ka karɓa don ka samu adireshi. Ka kuma tambayi haya irin ta bail mobilité da dokar 2018 ta kawo, ɗaki da kaya daga wata ɗaya zuwa 10, ba a karɓar kosiyo, kamar don kai aka yi ta, kuma da ita kana iya neman Visale, tsarin da ke tsaya wa ƴan haya, ta tsaya ma garan kyauta ko da ka wuce shekara 30. Duk wanda ya sa hoton ɗaki mai kyau da araha a Facebook ya ce ka turo kuɗi ya ajiye ma shi don yana tafiya, ɓarawo ne. Ranar shiga kuma ana zagaya ɗakin a rubuta halin komai, ka ɗau hoton ko tsagar bango ce, don ranar fita daga kuɗinka za a cire.

Ba ka faɗa min ba kontara ne za su yi ma ko burs ce. In kontara ne kana shiga tsarin lafiyarsu kamar kowane ma'aikaci, in burs ce ka tambaya wa zai biya asirans na rashin lafiya da na haɗari a labo, a rubuta. Ko wanne ne ka zo da kuɗin wata biyu a hannu. Maganar iyali, dokar ta yarda matarka da yara su biyo ka har ita ma ta yi aiki, mace ɗaya dai suka sani, amma a wata takwas da ɗaki guda ni ban ba ka shawara ba.

Ka turo min kombansiyon in ta fito kafin ka sa hannu in duba kwanakin da kuɗin, kuma ka ce ma furofesan ya ja ranar farawa zuwa aƙalla wata huɗu gaba. Ka gaida Hajiya.