Algus, ha'inci da albasar da ba ta yi halin ruwa ba

Wata mai karatu daga Tawa ta rubuto cewa ranar Lahadi faston majami'arsu ya yi wa'azi a kan rashin gaskiya a kasuwa. Ya ambaci algus da ha'inci, ya kuma ce wa jama'arsa "albasa ba ta yi halin ruwa ba". Tana tambaya: shin kalmomin biyu ba ɗaya ba ne, kuma me ya kawo albasa cikin zancen?

Malama, ba ɗaya ba ne. Dukansu daga Larabci muka aro su, amma kowace da gurbinta. Algus a cikin kaya yake: a shimfiɗa manyan albasa a bakin buhu, ƙanana da ruɓaɓɓu suna tsakiya, ko a tsarma ruwa a nono, ko a zuba rairayi a hatsi don tiya ta cika. Ha'inci kuwa amana yake ci. Wanda aka bar wa shago ya riƙa ɗiba, ko ma'ajin da ya taɓa kuɗin baikon majami'a, shi ne maha'inci, kuma ciwonsa ya fi, domin sai wanda aka yarda da shi ke iya yinsa.

Karin maganar kan ɗa ake yinta, wanda bai gado halin iyayensa na kirki ba. Ruwa bai da wari bai da yaji, amma albasar da ya raina ta fito da duka biyun, kuma manomin albasa na Galmi da ke ban ruwa safe da yamma ya fi kowa sanin haka. Faston na nufin an shayar da su koyarwa mai kyau, ba ta bayyana a awonsu ba. Yana da madogara: a Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga cikakkensa da Hausa a 1932, akwai littafin Misalai, wanda fassarar da ta biyo baya ta kira Karin Magana, kuma sura ta 11 aya ta 1 ta ce Ubangiji yana ƙyamar ma'aunin zamba. Musulmi ma sun san gargaɗin Suratul Muɗaffifina ga masu tauye mudu.

Ni dai na yaba masa. Cewa "zamani ya lalace" ba ya taɓa kowa, kowa sai ya waiwayi maƙwabcinsa. Shi kuwa ya kira laifin da sunansa, ya kuma fara da mutanen da ke zaune gabansa, waɗanda washegari Litinin su ne za su ɗinke buhunan.