Daga ina karin maganarmu ta fito?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce gardama ta kaure a zumuntar matasa: wasu na cewa daga Littafi Mai Tsarki aka kwaso karin maganar Hausa, wasu kuma na cewa kayan Maguzawa ne da Musulmi, bai kamata mai bi ya jefa ta cikin wa'azi ba. A ganina duka biyun sun kauce.

Ka duba shekaru tukuna. Sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, bayan doguwar wahalar da Dakta Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS da abokan aikinsa suka sha. Tun 1905 kuwa wani Baturen soja, Merrick, ya buga tarin karin maganar da ya ji a bakin Hausawa, kuma da furfurarta ya same ta. Manoma da fatake da iyayenmu mata a gindin murhu su suka haife ta, malaman zaure suka ƙara nasu. Ba a tsakar gidan mishan aka ƙirƙiro ta ba.

Amma kamannin da kuka gani tsakaninta da Littafi Mai Tsarki gaskiya ne. Bahaushe ya ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Buɗe Littafi Mai Tsarki, littafin Karin Magana 26:27, za ka tarar wanda ya haƙa rami shi zai faɗa ciki. Wadda ta fi taɓa ni ita ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sa ta kusa da Matiyu 7, inda Yesu ya tambayi mai hango ɗan haki a idon ɗan'uwansa bai ga gungumen da ke nasa ba. Tsohon da ya fara faɗin wannan bai taɓa jin Bishara ba, amma ya zauna da mutane, ya san wanda ya fi kowa laifi shi ya fi saurin nuna yatsa. Wa ya ba shi wannan basira in ba Allah ba? Ko "in Allah ya yarda" da wasu yaranmu ke jin nauyin faɗa, Yakubu 4:15 ya umarce mu da irinta.

Littafin ma bai ƙyamaci hikimar waje ba. Babi na 31 na Karin Magana ya fara da abin da uwar Sarki Lemuwel ta koya masa, masana kuma sun daɗe da lura cewa daga 22:17 akwai sashen da ya yi kama ƙwarai da koyarwar Amenemope, wani mai hikima na tsohuwar Masar. Bulus a Atina da baitin mawaƙan Girkawa ya yi wa'azi. To don me fasto Bahaushe zai ji tsoron maganar kakarsa?

Sai dai kada ka haɗiye kowace don ta tsufa. Akwai wadda ba na so in ji a bakinka: ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. In ana faɗinta don jan kunne, to. Amma na sha jin ana faɗinta da alfahari, ana zuga matasa da ita. Mu da muka ga rikicin da ya faru a Kaduna a 2000 mun san abin da ta ci: wanda ya yi gayyar yana can lafiya, aka je aka rama a kan mai shago da matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Romawa 12:19 ta ce a bar wa Ubangiji ramuwa, Yesu kuma ya ce a juya ɗaya kuncin. A nan Bishara ba ta tafi tare da al'ada ba, kuma Bisharar za ka bi, ko abokanka sun kira ka matsoraci.

In kun sake zama, ka ce kowa ya kawo guda biyar daga bakin tsofaffin gidansu, ku auna su da Nassi ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta shige muku duhu ka turo mini. Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka.