Abin da ya sa GBAS bai kawar da kuskuren siginar da ta yi karo ba

Malam, ka tambaya me ya sa gyaran da tashar GBAS (tashar ƙasa a filin jirgin sama mai ƙara daidaiton GPS) ke aika wa jirgi mai sauka bai kawar da dukkan kuskuren GPS ba.

Tashar tana gyara kuskuren da ita da jirgin suka yi tarayya a kansa, kamar na agogon tauraron ɗan'adam da jinkirin da sararin samaniya ke jawowa. Amma siginar da ta bugi ƙasa, ko rufin rumfar jirage, ko fiffiken jirgin kansa, sannan ta isa eriya a makare, ta haɗu da ta ainihi ta gurɓata awon nisa, wannan kuskure ne na kowace eriya ita kaɗai, don haka gyaran tasha ba ya taɓa na jirgin. Hasali ma, idan tashar ce ta kamu, sai ta watsa wa jirage kuskurenta.

Shi ya sa ake kafa eriyoyi da dama nesa da gine-gine ana kwatanta sakamakonsu, ana tace awon nisa na tsawon daƙiƙa 100 don rage gurɓatarsa, ana kuma watsi da taurarin ɗan'adam da ɗagawarsu a sararin sama ba ta kai digiri 5 ba.

Kada a ɗauka binciken da aka yi lokacin kafa tasha ya wadatar har abada, domin sabon gini kusa da ita yana iya sauya lissafin. Tantance wannan aikin injiniyoyin hukumar jiragen sama ne, bisa ƙa'idojin ICAO, wato ƙungiyar kula da sufurin jiragen sama ta duniya.