Zan iya haihuwa da katin inshorar uwargida?

Tambaya: Likita, cikina wata shida, kuma haihuwata ta fari aiki aka yi min. Maigida ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, amma Yaya, uwargidansa, ita ce a inshorarsa. Kuɗin aiki ya fi ƙarfinmu, ga jinyar Hajiya mahaifiyarsa da hawan jini ya kwantar. Yaya ta ce in riƙa zuwa awo da katinta. Da matsala?

Amsa: Allah Ya raba lafiya 'yar'uwa, Ya ba Hajiya sauƙi. Yayarki don Allah ta yi, amma kada ki karɓa.

Inshorar ma'aikata ta NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, tana ɗaukar ma'aikaci da mace ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ke da Hajiya sai maigida ya yi muku rajistar ƙarin iyali, ya biya wa kowacce kuɗin shekara.

Aron katin nan ya ishe ni, kusan kullum sai na gamu da shi. Mutane na ganin gwamnati suka yi wa wayo, alhali bayan katin akwai fayil, kuma fayil ɗin muke bi idan aka kawo mace cikin dare ba ta iya magana. A ce na Yayarki ya nuna haihuwa huɗu, duk da kanta. Ke kuwa akwai ɗinki a mahaifarki. Naƙuda ta yi tsawo, ungozoma ta duba takarda ta ga tsohuwar hannu ce, ta ɗaura ruwan naƙuda. Ruwan nan kan iya yaga ɗinkin, mahaifa ta fashe, a rasa ɗa, wani lokaci har uwar. Kada ki ce ai za a ga tabon ciki. A ɗakin da mata goma ke jiran ma'aikaciya ɗaya, ba abin dogaro ba ne. Haka rukunin jini. Idan naki negatif ne nata fozitif, allurar anti-D, mai hana jininki yaƙar jinin jariri a cikin da za ki ɗauka nan gaba, da ya kamata a yi miki cikin awa 72 bayan haihuwa za ta wuce ki, cikin gaba ya ɗauki wahalar. Ita ma Yaya an ɓata mata fayil da aikin da ba a taɓa yi mata ba. Masu karɓar na goro a bakin taga su ce "ba komai, kowa haka yake yi", ranar da jini ya ɓalle ba za ki gansu ba.

Maigida ya je ofishin NHIA cikin makon nan, domin sabuwar rajista ba ta fara aiki nan take, akwai lokacin jira. Ya kuma tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiharku, irin su KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna. A Nuwamba 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, don haka ki tambaya ko asibitinku na ciki. Kafin nan ki yanki katin awo da sunanki, ki gaya musu an taɓa yi miki aiki. Ɗaga Hajiya da juya ta kuma, a bar wa wasu har ki sauka.