Kawuna ne ya koya mini caca ina ɗan shekara 9, laifin na wane ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni haifaffen Makka ne, a Shara Mansur na tashi, yanzu ina tuƙi a Jidda. Ina ɗan shekara 9 kawuna yakan tafi da ni inda suke karta bayan isha'i, ni ke zuba musu shayi. Wata rana ya ce in zaro masa kati, wai hannun yaro da sa'a. Ya ci, ya danƙa mini riyal 50. Har yau ban manta daɗin da na ji a daren nan ba. Yanzu shekarata 36, ba na iya kwana ban zuba kuɗi a kan wasan ƙwallo ta waya ba. Bashi ya kai riyal 18,000, maiɗakina ba ta sani ba. Na tuba ya fi a ƙirga, ina komawa. Kawu ya rasu. Zunubin nan nawa ne ko nasa? Sannan ɗana mai shekara 8 yana wasan barjon, wato ƙananan ƙwallayen gilashi, da yara, wanda ya ci ya kwashe na 'yan'uwansa, yana kuma damuna in saya masa katin kuɗi a bakala, wato kanti, don ya buɗe akwatunan sa'a a wasan waya. In bar shi, tunda yaro ne?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, haramcin caca ba shi ne abin da ya shige maka duhu ba, don haka ba zan tsawaita a kansa ba. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida sun jera ta da giya da gumaka, sun ce ƙazanta ce daga aikin Shaiɗan, tana jefa gaba a tsakanin mutane, tana hana ambaton Allah da salla. Ko a tabarma aka yi ta ko a waya, ko a kan kati ko a kan wace ƙungiya za ta ci, hukuncin ɗaya ne.

Abin da ka aikata kafin ka balaga ba a rubuta maka shi ba. Hadisin da Abu Dawud da wasunsa suka ruwaito ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da yaro sai ya balaga. Nauyin daren nan yana kan babban da ya zaunar da kai. Amma daga ranar da ka balaga littafinka ya buɗe, kuma duk riyal ɗin da ka zuba tun daga nan kai ka zuba shi. Hadisin da ke cikin Muslim ya nuna wanda ya assasa mummunar hanya yana da kwatankwacin zunubin masu binsa, ba tare da an rage musu nasu ba. To ka ga rabon kawu bai sauke maka naka ba. Abin da ya dace da kai game da shi shi ne ka nema masa gafara, domin duk ranar da ka daina, ka rage masa kaya a kabarinsa.

Ban ce tarihin nan naka ba shi da tasiri ba. Yana da shi ƙwarai. Likitoci sun daɗe da lura cewa wanda ya fara caca da ƙuruciya ya fi shiga haɗarin kamuwa da jarabarta idan ya girma, haka ma wanda ya tashi yana ganin manyan gidansu na yi. Sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, alhali sashen da ke jin daɗin samu tun da wuri yake a farke. Yaron da aka danƙa wa riyal 50 bai san asarar da aka tafka kafin wannan cin ba, daɗin kawai ya riƙe. Kuma cin da ba a san ranar zuwansa ba ya fi kama zuciya a kan wanda aka saba da shi. Shi ya sa likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 2013 suka mayar da jarabar caca sahu ɗaya da jarabar ƙwaya da giya, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa ta cikin cututtuka. Ai Alƙur'ani tun a Baƙara, aya ta 219, a tambaya ɗaya ya haɗa giya da caca. Sai dai sanin inda ciwo ya samo asali hanyar magani ce, ba takardar izinin ci gaba ba. Hankalinka na nan, alƙalami na gudana.

Tubarka da ke warwarewa kada ta sa ka yanke ƙauna. Duk sanda ka faɗi ka sake tuba. Amma ina zargin tuba kake da baki, wayar kuma tana aljihu da manhajar a ciki. Goge ta, rufe asusun, ka miƙa katin bankinka ga wani amintacce ya riƙa ba ka na mai da na cefane. Ka gaya wa maiɗakinka maganar bashin. Na san da nauyi, amma caca a ɓoye take ƙiba, kuma gara ta ji daga bakinka da ta ji daga masu bin bashi a ƙofar gida. Ka ga likitan ƙwaƙwalwa, neman magani ba raunin imani ba ne. Annabi (SAW) ya ce wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" to ya yi sadaka, Bukhari da Muslim suka ruwaito. Furuci kawai ke nan. Ka mai da shi ɗabi'a: duk sanda zuciya ta raya maka, ka ciro wani abu ka bai wa mabuƙaci.

Kuɗin da ka ranta wurin mutane wajibi ne ka biya, ko da a caca suka salwanta, kuma kada Shaiɗan ya ce maka ka ƙara zubi ɗaya don ka fanshe, wannan shi ne ramin da ya kai ka 18,000. Abin da ka ci kuma yana hannunka, idan ka san mai shi ka mayar masa. Na kamfanin caca ba a mayar musu, a ba talakawa da niyyar rabuwa da shi.

Yanzu ga maganar yaron, wadda a wurina ta fi duk sauran gaggawa. Ibn Kasir ya kawo a tafsirin ayar Ma'ida daga manyan tabi'ai irin su Aɗa'u da Mujahid cewa duk abin da ke da caca a ciki maisir ne, wato cacar da ayar ta haramta, har wasan da yara ke yi da 'ya'yan jauz, wasu 'ya'yan itace masu ɓawo mai tauri. Barjon ɗin yau shi ne jauz ɗin jiya. Idan wasa ne kowa ya tashi da nasa, babu laifi, a bar yara su yi wasa. Idan wanda ya ci zai kwashe na sauran, caca ce, ƙanƙantar abin ba ta canza sunanta. Shi yaron ba shi da zunubi, kai da ka gani ka yi shiru kake da shi. Hasan ɗan Ali yana ƙaramin yaro ya jefa dabinon sadaka guda ɗaya a baki, kakansa (SAW) ya ce masa "kikh, kikh" don ya tofar, ya kuma gaya masa dalili: mu ba ma cin sadaka. Dabino ɗaya fa, kuma yaron da ba a rubuta wa zunubi. A cikin Muwaɗɗa, Nana A'isha ta ji wasu da ke zaune a gidanta suna da nardu, wato wasan da ake jefa ƙwayar sa'a irin ta lido, ta aika musu cewa ko su fitar da shi ko ta fitar da su.

Akwatin sa'ar nan kuwa, matuƙar da kuɗi ake sayensa kuma mai saye bai san abin da zai fito ba, ko abu mai daraja ko tarkace, ra'ayin da na fi natsuwa da shi shi ne bai halatta ba, domin garari ne, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙaninsa ba, kuma yana ɗauke da ruhin caca. Ko ƙasar Beljiyam, da ba ruwanta da fiƙihunmu, a 2018 ta hukunta cewa irin waɗannan akwatuna na kuɗi caca ne. Idan abu ne sananne da farashi sananne, kamar rigar ɗan wasa, wannan ciniki ne, sai dai a kula da almubazzaranci.

Kada ka shiga masa da duka ko tsawa. Zaunar da shi, ka ce ya mayar wa kowane yaro barjonsa, ka saya masa nasa da kuɗinka, ka gaya masa dalili yadda zai gane. Kuma ka sani yana kallonka. Yana ganin yadda fuskarka ke sauyawa idan an zura ƙwallo a minti na 90, yana ganin hannunka na rawa a kan waya. Wurin da kawu ya zauna shekara 27 da suka wuce, yau kai ne a zaune, yaron kuma shi ke riƙe da butar shayin.

Riyal 50 ɗin nan ta farko ma ka fitar da ita. Ɗauke alƙalami ya ɗauke zunubi ne, bai halatta dukiyar wani ba. Idan ka san wanda aka ci a daren ko magadansa ka kai musu, in ba ka sani ba ka yi sadaka da ita a madadinsa.

Wallahu a'alam.